Kamun Fara a Sharaɗa

"Ga wata can, Baba, gefen kofin. Ku bi ta a hankali."

Malam Ɗayyabu ya miƙa hannunsa na dama saman teburin, ya dakata, sannan ya kai cafka. Kwamfutar da ke gaban Mas'uda ta yi 'yar ƙara. Ya ƙyalƙyale da dariya har ƙaton tabarau ɗin da ke ɗaure a fuskarsa ya zame.

"Na kama ta! Wannan mai ƙiba ce, da a gida ne sai kasko."

A kan teburin babu komai sai kofin roba da ƙunshin auduga. Wanda ya sa tabarau ɗin kuwa zai ga teburin yadda yake, da kofin da audugar, sai kuma fari koraye suna tsalle a tsakaninsu. Ba farin kaɗai ba. Malam Ɗayyabu yana ganin hannunsa da yatsu biyar cif. A zahiri kuwa uku ne. Wata huɗu ke nan da injin yankan buhu ya tafi da manuniyarsa da ta kusa da ita, wata Talata, ana saura kwata a tashi.

Yatsun sun tafi, ciwonsu bai tafi ba. Ya ce yana jin su a dunƙule, faratan sun nutse cikin tafin hannu, kuma ba shi da yadda zai buɗe su tunda babu su. Sai in ya sa tabarau ya gan su sun miƙe suna bin fara, sannan zugin yake sakinsa, wani lokaci har zuwa la'asar.

Mas'uda ce ta ƙirƙiri wasan. A jami'a ta fara shi, aikinta na shekarar ƙarshe, kuma ba don masu rauni ba. Don yara ne. Kowace fara tana ɗauke da harafi a bayanta, yaro ya kama wannan ya kama wancan ya haɗa kalma. Ta yi shekara guda tana yawo da shi a makarantu, daga Na'ibawa har Dakata. Ko'ina sai a yaba, a ce Allah ya yi albarka, a tambaye ta ko yana aiki in babu wuta. Da ta gaji, ta karɓi aikin gyaran kwamfutocin ofis a wannan kamfanin buhuna na Sharaɗa, tafiyar minti goma a ƙafa daga gidansu, a filin da kakanta ya taɓa noma dawa.

A nan ne wata rana ta leƙa ɗakin shan magani na kamfanin, ta tarar da Sista Ladidi, nas ɗin wurin, ta kafa madubi a gaban wani mai dungun yatsa, yana motsa hannunsa mai lafiya yana kallon hotonsa kamar shi ne ɗayan. Mas'uda ta tsaya ta manta abin da ya kawo ta. Cikin wata uku ta cire haruffan daga bayan farin, ta koya wa wasan zana yatsun da suka ɓata. Alhaji, mai kamfanin, ya ji labari, ya sayo tabarau uku, ya ba ta tsohon sito a jikin ɗakin shan maganin. Aka liƙa takarda a ƙofa mai cewa Sashen Ƙirƙira. Ita kaɗai ce sashen. Ɗakin ba shi da taga, kuma ta bangon katakon ana jin bugun injuna kamar ana sussuka a tsakar kan mutum. An kuma ba ta wata takarda mai shafi shida ta Turanci, ta sa hannu tana murna.

Wayarta ta yi ƙugi a kan teburin. Abdulbaƙi ne, manajan kula da ma'aikata.

"Baba, ku ɗan huta. Ana nemana a sama."

"A sauko lafiya, 'yata. Ki bar min su, kada su gudu."

Ofishin Abdulbaƙi yana bene na biyu, da sanyin na'ura mai ratsa ƙashi. Mutum ne siriri mai yawan shafa ciki, kwalbar maganin gyambon ciki ba ta barin gefen wayarsa. Ya nuna mata kujera.

"Injiniya, bismillah. Ya masu kamun fara?"

"Alhamdu lillahi, Yallaɓai. Suna samun sauƙi."

"To madalla, ai maganar ke nan. Mutum bakwai ne a hannunki, ko? Ina son makin kowa. Wannan lambar da take fitowa in sun gama."

"Makin wasa?"

"Shi. A buga a takarda, kowa da tasa, ki sa hannu. Kafin ƙarfe huɗu."

Mas'uda ta dube shi. "Me za a yi da shi?"

Ya juya biro a hannunsa kafin ya amsa. "An yi zama jiya. Mutanen nan sun daɗe suna zaune a inuwa. Wanda ya kai saba'in, ya warke, Litinin ya koma kan injinsa. Wanda bai kai ba, a gode masa a sallame shi."

"Yallaɓai, lambar nan ba ta auna warkewa. Ni na sa ta don su ji daɗi, su riƙa gasa da juna. Fara nawa ka kama a minti biyar, shi ke nan. A cikin tabarau mutum yana da yatsu biyar. A kan inji ba shi da su."

"Na faɗa musu haka."

"Suka ce me?"

"Suka ce likita sai a yi wata biyu ana jiran rahotonsa, kuma in ya zo ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Lamba kuwa ba ta da kwana-kwana." Ya shafa cikinsa. "Ni ɗan aike ne, Mas'uda. Kin san daga inda maganar ta fito."

"To in na ce ba zan buga ba fa?"

Bai ɗaga murya ba. Ya jawo aljihun tebur, ya zaro takardar nan mai shafi shida, ya ajiye a gabanta ba tare da ya buɗe ba.

"Wasan na kamfani ne. Da tabarau, da abin da ke cikin kwamfutar, har sunan. In kin ƙi, akwai mai yi mana gyara a Bompai, awa ɗaya zai zo ya zazzage lambobin. Shi bai san Ɗayyabu ba, bai san kowa ba. Na gwammace ke ki yi." Ya mayar da takardar. "Kuma akwai wasiƙarki ta zuwa baje kolin Abuja. Tana kan teburin Alhaji tun makon jiya. Kada ki sa ya tuna da ita a ranar da ransa yake ɓace."

Ta san wasiƙar. Ta kuma san ta wani asibitin ƙashi da ya roƙi a ba shi wasan ya gwada da marasa lafiyarsa, aka amsa masa da layi biyu cewa kamfani bai shirya ba tukuna. Shekara biyu tana gina abin nan, kuma ko zuwa wurin ƙawarta ba ta da ikon fita da shi daga get.

Ta sauko ta bi ta gefen babban ɗakin injuna. Zafi da warin narkakkiyar roba suka buge ta. Layin masu ɗinki, layin masu ɗauri, can ƙarshe injin yanka yana sauke wuƙarsa yana ɗagawa. Wani matashi ne a kansa yanzu, yana tura buhu da hannu biyu, yana janyewa kafin wuƙar ta sauko. Murfin ƙarfen da ya kamata ya rufe bakin wuƙar yana jingine a bango, inda aka ajiye shi tun bara saboda yana rage gudu.

Ta tarar da Sista Ladidi tana wanke almakashi. Ta rufe ƙofa ta faɗa mata komai. Sista ta saurara har ƙarshe, ta goge hannunta a tawul.

"Nawa ne suka kai?"

"Huɗu. Uku ba su kai ba. Baba Ɗayyabu sittin da ɗaya ne mafi yawan abin da ya taɓa ci."

"To."

"Anti, zan iya goge komai. Minti ɗaya ne."

"Ki goge. Su kwashe tabarau su kulle a sama, ke su nuna miki get. Gobe wa zai zo nan yana riƙe da hannu yana hawaye? Ni ce zan gan su, da madubina da ya tsage."

"To in ƙara musu maki. Wa zai sani?"

Sista Ladidi ta zauna a bakin gadon duba marasa lafiya. "Ki ƙara wa Ɗayyabu, Litinin ya koma gaban wuƙar nan da yatsu uku. Da biyar ma bai tsira ba. In ta ɗauke sauran, sa hannun wa ke kan takardar da ta ce ya warke?"



"Shekarata goma sha tara a ɗakin nan," in ji Sista. "Na ɗinke hannu ya fi ɗari. Ban taɓa ganin abin da ya sa mutanen nan dariya ba sai farinki. Da na san haka zai ƙare, da ranar da kika leƙo na ɓoye madubin."

Jiniyar azahar ta yi kuka. Bayan salla Mas'uda ta fita bakin get, ba don tana jin yunwa ba, don dai ta ga sarari. Tireloli sun yi layi har kwana, 'yan adaidaita sahu suna kutsawa tsakaninsu suna zuba oda. Ruwan kwata mai launin shuɗi yana gangarowa daga kamfanin rini na maƙwabta. A rumfar mai shinkafa da wake ta hango Malam Ɗayyabu a ƙarshen benci, ya juya wa mutane baya. Ya maƙale cokali tsakanin babban yatsa da sauran biyun, yana kai loma a hankali, rabi na zubewa. Ya ƙi ci da hagu tun ranar farko. Ya ce bai kai shekara hamsin da biyar yana ci da dama ba sannan inji ya sauya masa tarbiyya.

Ya gan ta, ya matsa. "Zo zauna, 'yata. A zuba miki?"

"Na ƙoshi, Baba."

"Ba ki ƙoshi ba, an dai cika miki ciki da magana." Ya ajiye cokalin. "Saba'in, ko?"

Ta ɗago da sauri. "Wa ya faɗa muku?"

"Masinja ne ya kai shayi wurin zaman. A kamfanin nan in Alhaji ya yi atishawa a sama, kafin ya ce alhamdu lillahi mun amsa masa a ƙasa." Ya yi ɗan murmushi. "Ni nawa nake ci?"

"Sittin da ɗaya."

"Saura tara. Fara tara." Ya girgiza kai. "Ina yaro a garinmu, can bayan Gumel, kafin hantsi na cika ƙwarya. Yau ga shi fara tara ce tsakanina da abincin iyalina."

"Baba, wallahi ba don haka na yi shi ba."

"Na sani. Wanda ya ƙera wuƙar can ma don buhu ya ƙera ta."

Wata tirela ta taso, ƙasa ta yi ta girgiza har ta wuce.

"Ɗazu da kika hau sama na je na tsaya a gabansa," ya ce. "Injin. Tun ranar ban ƙara zuwa kusa ba, zagayawa nake. Shekara goma sha shida ina kansa, na san numfashinsa kamar na matata. Na tsaya ina kallon Sule, yaron da aka sa a wurina, yana tura buhu. Sai na ga ina ja da baya don tsoro. Ni, da nake aikin nan ina gyangyaɗi. Na ce a raina, Ɗayyabu, ko da yatsu goma sha biyu aka ba ka, kai da injin nan kun rabu."

"To me za ku yi?"

"Ina da 'ya'ya biyar a gida, biyu mata sun isa makarantar gaba. Gonar da ta rage mini ba ta ciyar da mu wata huɗu. In na koma, me zan ce musu? In na zauna, me zan ce wa hannun nan?" Ya ɗaga shi ya duba dungun, fatar ta haɗe tana ƙyalli. "Kin ga ni ma ban san amsar ba. Ki bar ni in sake bugawa. Sau ɗaya. Abin da ya fito, shi ne."

"Zan iya rage musu gudu. Farin. Ba wanda zai gane."

"A'a. Ki bar su yadda Allah ya yi su." Ya yi dariya. "Ko yadda ke kika yi su."

Da ƙarfe biyu sauran biyun da ba su kai ba suka zo, ba tare da an kira su ba. Ba wanda ya yi wasa da kowa. Da can in sun taru ɗakin cika yake da ihu, wannan yana tsokanar wancan cewa farar ta fi shi wayo. Yau sun zauna a benci kamar masu jiran alƙali. Lawan, mai dungun babban yatsa, ya buga yana gumi, yana cije leɓe, ya ci saba'in da biyu. Ya cire tabarau ya yi sujada a kan siminti, sannan ya miƙe ya tsaya yana kallon bangon da bugun injin ke fitowa, murnar ta bar fuskarsa. Ɗaya mutumin kuwa ya tsaya a hamsin da huɗu. Ya ce, "Ba komai, Malama," ya fita ya bar takalminsa ƙafa ɗaya, sai da Sista ta bi shi da shi.

Malam Ɗayyabu ya shigo ƙarshe, ƙarfe uku da kwata. Ya yi alwala, ruwa bai gama bushewa a gemunsa ba. Ya zauna, ya yi bisimilla. Mas'uda ta ɗaura masa tabarau, ta gyara igiyar a bayan hularsa.

"Minti biyar ne, Baba. Kun shirya?"

"Sake su."

Ta danna. A allon kwamfutarta tana ganin abin da yake gani: teburin, kofin, farin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, da hannun nan mai yatsu biyar. Ya fara da kyau. Bai taɓa yin sauri haka ba. Goma, goma sha takwas, ashirin da bakwai. Sista Ladidi ta matso bakin ƙofa tana motsa baki. Minti biyu ba su cika ba ya wuce talatin da biyar. Mas'uda ta lissafa a ranta, in ya ci gaba a haka zai haura tamanin. Ba ta san ko addu'ar ya ci take yi ba ko ta ya faɗi.

A arba'in da ɗaya ya kama wata a gefen audugar. Bai sake ta ba. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali ya kwanta bisa teburin.

"Baba, lokaci na tafiya."

A allon, yatsun biyar suka buɗe. Ya juya tafin sama, ya juya bayan. Ya lanƙwasa manuniya, ya miƙe ta. Ya haɗa ta da babban yatsa, ya raba. Farin suna ta tsalle a kewayensa, wata ma ta hau kan wuyan hannun, bai kula ta ba.

"Baba, saura minti biyu. Ga su nan birjik, ko ba kwa ganinsu?"

"Ina ganinsu, 'yata."

"To ku kama mana!"

"Bar su." Muryarsa a kwance take. "Na ga zan iya. Na kuwa ga inda iyawar za ta kai ni." Ya ɗaga manuniyar sama kamar mai tahiya, ya daɗe a haka. "In aka sallame ni ba za a bar ni in ƙara shigowa nan ba, ko?"

Mas'uda ta girgiza kai. "Ba za a bari ba."

"To bar ni in gan shi da kyau."

Ta zauna tana kallon agogon allon yana cin daƙiƙoƙi, shi kuma yana kallon hannunsa. Da lokaci ya cika kwamfutar ta yi kiɗan da ta sa mata tun wasan yana na yara, wani ɗan kiɗa mai daɗi na taya murna. Lamba ta fito, arba'in da ɗaya.

Ya cire tabarau da kansa, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Kin zana manuniyar ta fi tawa kyau," ya ce. "Tawa tana da tabo a nan, lauje ya taɓa yanka ta. Amma na gode. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki inda za a san darajarki."

Sista Ladidi ta juya ta shiga ɗakinta, aka ji tana buɗe famfo.

Ƙarfe huɗu saura minti goma Mas'uda ta buga takardu bakwai. A ƙasan kowace, sama da inda za ta sa hannu, ta rubuta da biro, da Hausa da Turanci: wannan makin wasa ne, ba ya nuna mutum zai iya aiki a kan inji. Ta hau sama ta ajiye su a gaban Abdulbaƙi.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta rubutun biron a ta farko, ya dube ta. Ya jawo wata farar takarda mai layi biyu, ya kwafe sunaye da lambobi kawai, biyar a dama, biyu a hagu. Takardunta kuma ya haɗa su da maƙali ya sa a fayil, ya tura fayil ɗin cikin kabad.

"Wannan ce za ta shiga wurin Alhaji," ya ce, yana ɗaga tasa. Ya tsaya a kan suna ɗaya. "Ɗayyabu arba'in da ɗaya? An ce min yana wuce sittin."

"Abin da ya ci yau ke nan."

"In sa masa sittin da ɗayan? Ba ta canza komai, amma dai."

"Ya ce a bar abin da ya fito."

Abdulbaƙi ya buɗe kwalbar maganinsa ya kurɓa ba tare da cokali ba. "Shi ya fara koya min hanyar cikin kamfanin nan, ranar da na zo. Na ɓata a sito." Ya rufe kwalbar. "Shi ke nan, Injiniya. Ki je. Alhaji ya ce daga yanzu kowane wata za a riƙa yi."

Ta sauko. Daga kan matakala ta hango Malam Ɗayyabu a bakin get, da 'yar jakar ledarsa a hammata, yana sallama da maigadi. Ya miƙa masa hannun daman nan, maigadin ya riƙe shi da hannu biyu. Sannan ya ratsa tsakanin tireloli, ba ta ƙara ganinsa ba.

Ta koma sitonta ta fara naɗe wayoyi. Jiniyar tashi ta yi kuka, bugun injuna ya lafa na ɗan lokacin da masu aikin safe ke miƙa wa na yamma. A cikin wannan shirun aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Matashin nan ne na kan injin yanka. Dogo, baƙi, da zaren buhu maƙale a gashinsa. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna.

"Sannu da aiki, Malama. Sunana Sule. Ni ne a wurin Baba Ɗayyabu yanzu."

"Sannu, Malam Sule. Ka ji ciwo ne? Sista tana ciki."

"A'a, lafiyata ƙalau." Ya nuna mata hannuwansa gaba da baya, kamar mai neman a shaida. Ya kalli tabarau ɗin da ke kan tebur. "Dama cewa na yi, ko za ki riƙa koya min wasan nan. Ko minti goma ne in an tashi. An ce sai mutum ya ci saba'in. To na ga gara in iya tun yanzu, kafin nawa ya zo."

Mas'uda ta tsaya da waya a hannu. Ta buɗe baki za ta ce masa ba haka abin yake ba, sai ta rasa ta inda ba haka yake ba. A bayan bangon katako injin ya sake tashi.

Ta warware wayar da ta naɗe, ta jawo masa kujera.

"Zauna," ta ce. "Ɗora hannunka a nan."